Saki Numfashi

Ni ce kyakkyawar gidanmu. Ba yabon kai nake yi ba, haka aka yi ta faɗa mini tun ban san damana da haguna ba, ni kuma na yarda. Fara ce ni, siririya, ga hanci ga dogon wuya, har mutanen layinmu suka sa mini 'Yar Tsana. Yayata kuwa, wadda ta girme ni da shekara huɗu, Randa suke ce mata, don baƙa ce, gajera, ta buɗe ta ko'ina. Yau shekarata arba'in da ɗaya, kuma babu mahalukin da nake ƙyashi a duniya kamar wannan Randar. Labarinta zan ba ku, ko da yake raina ba ya son in ba da shi yadda yake.

Muna yara, idan baƙi suka zo sai su ja kumatuna su ce, "Wannan ina aka samo ta?" In sun juya wajen Yaya sai su ce, "Ita kuma wannan akwai lafiya, tubarkalla." In za a ɗauki hoto, baya ake tura ta, kanta kawai ke leƙowa. Telan layinmu in ya zo kaina sai ya auna kafaɗa, ya auna ƙugu, ya auna hannu, yana rubutawa. In ya zo kan Yaya ko tashi ba ya yi, kallo ɗaya zai yi mata ya ce wa Umma a ƙaro yadi. Sai ya ɗinke gefe da gefe, ya huda wurin wuya, shi ke nan an yi riga. Haka ta girma cikin buhu, kuma ban taɓa jin tausayinta ba, don a ganina haka aka raba.

Tana shekara goma sha tara ta ce ita ma sai ta gyaru. Ta samo wani man ƙara haske, ta yi ta shafawa a ɓoye har ya ƙone mata kumatu. Tabon nan biyu suna nan har gobe. Ta kuma riƙa ɗaure cikinta da tsohon zanen Umma a ƙarƙashin riga, ɗauri irin wanda ko ruwa ba ya wucewa. Wata rana tana shara ta yanke jiki ta faɗi a tsakar ɗaki. Ni na ga zanen, ni na kai ƙararta wajen Umma, kuma ina faɗa ina dariya.

Bayan wannan ne Umma ta kai ta koyon ɗinki wajen wata tsohuwa a bayan kasuwa, wadda kowa ke kira Mai Almakashi, saboda aikinta da kuma bakinta. A satin farko tsohuwar ta ce wanda bai san awon kansa ba ba zai auna wani ba, ta zagaya wa Yaya tef a ƙugu. Sai ta tsaya kawai, ba ta duba ba, tana kallon rufin shago.

"Uwar ɗakina, me ake jira?" in ji Yaya da ƙyar.

"Ke nake jira. Wannan da ke tsaye ba ke ba ce, rabinki ya gudu ciki ya ɓuya. Saki numfashi."

Yaya ta ƙi. Tsohuwar ta soka mata yatsa a haƙarƙari, dariya ta ƙwace mata, ciki ya dawo wurinsa. Mai Almakashi ta duba tef ta ce, "Yawwa, yanzu muka sami abin aiki." Ta jefo mata wani yadi ruwan ɗorawa da ya daɗe a kan kanta ba mai so, ta sa ta yanka shi a kan wannan awon, ba ragi ba ƙari.

Ina tuna yammar da ta shigo gida da rigar. Ta zauna mata a kafaɗa, ta bi bayanta, ta sauka a kan ƙugu ta buɗe. Ba ta rage komai ba, Randa ce dai, amma tana tafiya kamar ƙasar ta ubanta ce. Baba ya ɗago kai daga rediyonsa ya ce, "Wace baƙuwa muka yi haka?" Ina zaune dab da shi da sabon kitsona, ko kallona bai yi ba. Ranar na fara jin ƙyashinta, kuma bai sake ni ba har yau.

Da Baba ya kwanta ciwo, muna zaune ne a hawa na uku, ga matakala ƙunci. Duk ranar asibiti Yaya ce ke durƙusawa ta goya shi, ta sauko da shi a hankali har bakin mota, ta kuma hauro da shi in an dawo. Ni takardun asibiti nake riƙewa. Wata rana a tsakiyar matakala na ji ya dafa kafaɗarta yana cewa, "Allah ya yi wa bayan nan albarka." Na tsaya da takardu a hannu ina jira ko za a ce wani abu a kan nawa. Har ya rasu ba a ce ba.

Daga baya ta buɗe shagonta, kuma don rashin kunya sunan da aka yi mata na tsokana ta rubuta a saman ƙofa da jan fenti: RANDA. Ɗaki ɗaya ne, keken ɗinki biyu, benci, fanka mai ƙara, da dogon madubi da ya tsage a kusurwa. Matan da sauran teloli suka gaji da su duk can suke tafiya: masu jiki, masu jego, masu kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kowace in ta ga tef sai ta shanye ciki, ita kuwa Yaya ba ta gaggawa. Sai ta kawo wani shirme, ta kwaikwayi tafiyar mai gidan haya ko atishawar mijinta, ana fashewa da dariya ta duba tef ta rubuta. Ba ta taɓa faɗin lamba da ƙarfi ba. Mijin nata mai gyaran firiji ne, siriri kamar tsinken tsintsiya, kullum da rana sai ya zo su ci abinci kwano ɗaya a kan bencin nan, yana kallonta kamar ranar ya fara ganinta. In na tarar da su haka gaisuwa kawai nake yi in ɗauke kai.

Ni kuwa a teburin karɓar baƙi nake aiki a wani kamfani, wurin da fuska ce jarin mutum. Shekara ashirin rabona da in ci abinci in ƙoshi. Ina da sikeli a banɗaki, ina da ɗamarar matse ciki kala uku. Ɗinkina wajen Yaya nake kaiwa, amma tef ɗinta bai taɓa zagaya ni ba. Ina da awona tun na kafin aure, ƙugu inci ashirin da takwas, shi nake rubuta mata a takarda duk zuwa. Sai ta karɓa ta sa a aljihu, ta rako ni bakin ƙofa, ta rungume ni da hannayen nan nata tana faɗa mini wata banzar magana a kunne har sai na yi dariya, sannan ta sake ni. Kayan kuwa kullum cif suke zauna mini. A ofis har alfahari nake yi cewa awona bai taɓa motsi ba.

Sai Allah ya ba ni 'ya ɗaya tak. Da aka haife ta 'yar mitsitsiya ce, shi ya sa muke ce mata Ƙarama. Tana kai shekara goma sha biyu sunan ya fara zama abin dariya. Kafin ta cika sha biyar ta zama Yaya sak: baƙin, gajartar, damatsan, har yadda take zama ta cika kujera. Mutane su gan mu tare su ce, "'Yar Tsana, wannan ai ta Randa ce, aro kika yi." In yi murmushin yaƙe, in dawo gida in rage mata abinci. Na saya mata shayin rage ƙiba. In na taɓa ta ma, hannuna tsokar bayanta yake lalube.

A wannan shekarar makarantarsu ta zaɓe ta ta karanta jawabin ɗalibai ranar raba kyaututtuka, sati shida nan gaba. Ita murna, ni kuwa abin da na hango shi ne 'yata a kan dandamali, ga iyaye cike da zaure, ga matan ofis ɗinmu biyu da yaransu ke can. Na sayo yadi shuɗi mai duhu, don duhu yana ɓoye jiki, na kai ta shagon Yaya. Ƙarama ta shanye ciki, Yaya ta yi mata atishawar mijinta, aka yi dariya, aka auna. Da yarinyar ta fita waje sai na ja Yaya gefe.

"Ki rage inci uku a ƙugu."

"Ta shaƙa da me?"

"Za ta rame kafin ranar. In rigar na jiranta za ta kama bakinta."

Yaya ta daɗe tana kallona. Na sha mur na ce, "'Yata ce." Ta ce, "To."

Ranar gwaji zif ya tsaya a tsakiyar baya, ya ƙi gaba. Hawaye kawai ke sauka a fuskar Ƙarama. Na ɗauko rigar na rataye ta a ƙofar ɗakinta, yadda ita za ta fara gani in ta buɗe ido. Ta daina karyawa, ta daina cin na rana, na dare ma sai ta juya cokali ta tashi. Ni kuwa daɗi nake ji, ina cewa yarinya ta yi hankali. Malamarsu ta kira ni ta ce jiri ya ɗebe ta a layin safe, na ce zafi ne.

A sati na uku sai abubuwa suka sake. Ta fara dawowa gida a makare, ta ce suna gwajin jawabi. Rigar ta ɓace daga ƙofa, ta ce ta sa ta a akwati kada ta yi datti. Fuskarta ta dawo, har waƙa nake jin tana yi a banɗaki. A gida dai ba ta ci sosai, don haka ban zargi komai ba.

Ranar taro da safe na tsaya a bayanta na ja zif, ya haura sumul har wuya. Saura kaɗan in yi guɗa. Na ce, "Kin gani ko? Kin ga abin da haƙuri ke yi?" Ta sunkuyar da kai. A zaure kuwa ta hau dandamali ta tsaya da ƙafafunta biyu, muryarta ta cika wurin, ko takardar ba ta cika dubawa ba. Aka yi ta tafi. Na miƙe a layin gaba na buɗe hannu. Ta sauko da gudu, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta tafi can baya inda Yaya ke tsaye da wata jar riga mai ɗaukar ido, ta faɗa jikinta. Ɗaya daga matan ofis ɗinmu ta ce, "Au, waccan ce mamarta?" Na ce wa kaina in ban mutu yau ba, ƙyashi ba ya kisa.

Washegari na ɗauko rigar zan wanke, na juya cikinta. A gefe biyu ga layin hujin allura, ɗinkin farko da aka warware, ga sabon ɗinki can waje da shi. Na sa yatsu na gwada, inci uku ne cif. Ban ko ɗauraye hannu ba na fita.

Rana tsaka na isa shagon. Ƙarama na zaune a kan benci da kwanon shinkafa a cinya, tana ci tana ba Yaya labari da baki cike. Tana ganina ta ajiye cokali, ta gyara zama, na ga ta shanye cikinta. Na jefa rigar a kan keke.

"Yaya, kin ci amanata."

"Na rage kamar yadda kika ce," in ji ta, ko tsayar da ƙafarta a kan keke ba ta yi ba. "Yankewa ce ban yi ba. Rarar na ninke a ciki, don na san za a neme ta."

"'Yata ce ko 'yarki?"

Sai ta tsayar da keken. "'Yarki ce. Shi ya sa ranar da ta faɗi a bakin ƙofar nan, tana farfaɗowa abin da ta fara cewa shi ne, 'Inna, kada ki gaya wa Mama, za ta ji kunya.' Kwana biyu ba ta ci komai ba. Kin san abin da na kwance a cikinta? Ɗankwalinki, ta yi masa ƙulli uku. Sai da na sa almakashi." Ta nuna cikinta da yatsa. "Ke kika taɓa kai ƙarata a kan irin wannan, ƙanwata. Ni wajen wa zan kai taki?"

Maganar ta shige ni, amma bakina bai mutu ba. Na ce, "Ke komai ko a jikinki, shi ya sa kike son ta zama kamar ke. Ni me ya same ni? Shekara ashirin na kame bakina, awona bai ƙaru da ko rabin inci ba. Kayan da ke jikina shaida ne, ke kika ɗinka su."

Na zata dariya za ta yi. Ba ta yi ba. Ta jawo aljihun teburinta, ga takarduna nan cunkushe, duk da rubutuna, duk ashirin da takwas.

"Rabonki da wannan lambar tun kafin ki haifi yarinyar nan," ta ce a hankali. "Da a ce da ita nake ɗinka miki, da ko hannu ɗaya ba za ki zura ba."

"Ƙarya ne. Ba ki taɓa auna ni ba."

"Kina tsammanin rungumar da nake miki a bakin ƙofa duk ƙauna ce? Rabi ƙauna, rabi aiki. Na san tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa, na san inda suke haɗuwa a bayanki. Shirmen da nake faɗa miki a kunne kuma, don ki saki cikin ne. Ke kin fi kowa wahalar aunawa, 'Yar Tsana, wani lokaci sai na yi labari biyu."

Na juya, sai ga ni a dogon madubin nan. Mace ce tsaye, fara, ba siririya ba kuma ba mai ƙiba ba, cikin riga da ta zauna mata daidai, wadda aka yanka a kan jikin da ta yi shekara goma sha biyar tana musun nata ne. Duk yabon da na sha a ofis, ashe wannan jikin ake yabo. Na ji kunya, na ji haushi, kuma ko a wannan lokacin sai da na ji ƙyashi, don Yaya ta san jikina fiye da ni, ta kuma san na 'yata.

A cikin madubin na hango Ƙarama. Ba ni take kallo ba, ƙofa take kallo, tana ta ƙoƙarin tura kwanon ƙarƙashin benci da ƙafa. Nan na gane cewa in na fita shagon nan yadda na shigo, za ta ci gaba da kwana a gidana, amma ba za ta ƙara cin loma ɗaya a gabana da daɗin rai ba.

Na shiga bayan labule na kwance ɗamarar da ke cikina, na fito na ajiye ta a kan keke kusa da rigar. Na ce, "Ƙarama, zo ki auna ni."

Ta kalli Yaya. Yaya ta zare tef daga wuyanta ta miƙa mata, ta koma kan ɗinkinta kamar ba ruwanta. Yarinyar ta matso a tsorace, ta zagaya mini tef, ta tsaya. Ba ta duba ba.

"Mama, kin riƙe."

"Ban riƙe ba."

"Kin riƙe. Saki numfashi."

Maganar Yaya ce a bakin 'yata, kuma ta yi mini zafi. Na yi ƙoƙari in saki, abin ya ƙi, don na manta yadda ake yi. Sai ta ɗaga yatsa, ta yi jim kamar mai tsoron mari, ta soka mini a haƙarƙari. Ba dariya ce ta fito ba, kuka ne, irin mai ƙara, har mai shagon kusa ya leƙo. Cikina ya sauka ya taɓa nata. Tef ya zame ya faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka, hannayenta suka tsaya inda suke a bayana. Na riƙe ta, kuma a karon farko cikin shekara uku hannuna bai lalubi komai ba.

"Ni dai na gani daga nan," in ji Yaya, kanta a kan keke. "Sai ki kawo yadi, amma ba mai duhu ba."

Ƙarama ta ɗago kai daga ƙirjina ta ce, "Mama, kin ci abinci yau?"

Na ce a'a. Ta sunkuya ta jawo kwanon daga ƙarƙashin benci, ta goge cokalinta da gefen riga, ta miƙo mini.